Mai Ƙyashi da Ɗiyar Gado

Rana ta yi sanyi, inuwar duwatsu ta soma rarrafowa cikin kwarin Majiya, lokacin da Alhusaini ya durƙusa a bakin ramin ɓera a gindin shingen wani lambu. Ya tsaga karan dawa, ya maƙala 'yar takarda mai maiƙo a tsagar, ya kafa ta a bakin ramin. Yana cikin gyara mata zama ne ya ji murya daga bayan shingen.

"Bawan Allah, mi kake binnewa a gonar mutane?"

Ya ɗaga kai. Wata budurwa ce tsaye a cikin zurma, ƙwarya a kwankwasonta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ganye ya ɗan fizgi mayafin, sai ga gyambo a kuncinta na hagu, zagayayye, bakinsa a tashe. Idon Alhusaini ya saba da irin wannan gyambon, don haka shi ya fara gani. Daga baya ne ya ga idanun da ke samansa, manya, masu kallon mutum ba tsoro.

"Ba binnewa nike ba. Tarko ne."

"Tarkon takarda? Wane sakaran ɓera zai tsaya takarda ta kama shi?"

Ya ce mata ba ɓera yake nema ba, ƙyashi ne, ɗan ƙwaron nan da bai kai sauro ba, marar kuka, mai fitowa daga ramuka da suri in rana ta faɗi. In ya taɓa man da ke jikin takardar sai ya liƙe. Ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin namiji da gemunsa yana farautar ƙyashi ba. Ta soma dariya, dariyar ta ja mata gyambon, ta haɗiye ta, ta mayar da mayafinta ta wuce.

Ya daɗe a durƙushe bayan ta tafi. Tun zuwansa garin ba wanda ya yi masa magana mai tsawon haka.

Alhusaini mutumin Madawa ne. Yana yaro aka kama shi aka sa lakwal, makarantar Turawa, don maraya ne, ba uban da zai ɓoye shi a rumbu kamar sauran yara. 'Yan biyu ne su, amma sanƙarau ya ɗauke Alhasan a wata bazara, ya bar shi shi kaɗai da sunan da ke nuna akwai wani. Da ya girma aka sa shi aiki gidan likita, ƙarƙashin wani lokotoro, likita Bature, wanda ya ɗauki gyambon kwarin Majiya da zafi. Baturen ya haƙiƙance cewa cizon ƙyashi ke kawo shi, yana kuma son sanin wane irin ƙyashi ne, a ina yake kwana, wane lokaci yake yawa. Shi ya turo Alhusaini wani ƙauye a gefen Tama bayan an gama kaka, da jaki, da ƙunshin takardu da 'yan kwalabe.

Shekarar kuwa yaƙin Turawa ya rufe hanyar Sakkwato, an kuma kwashi samari soja ba su dawo ba. Duk wanda ya shigo gari da takarda a hannu, mutane sun san ba alheri ya kawo ba. Maigari ya ba shi wata bukka a bayan gari, ana ajiye masa tuwo a ƙofa a juya. Wasu suka ce sunayen samari yake rubutawa, wasu suka ce sammu yake kafawa a ramuka. Yara suka raɗa masa Mai Ƙyashi, manya suka karɓe suna faɗa suna murmushi, don sunan ya yi musu daɗi ta fuska biyu. In ya isa gindin gawo inda ake hira, sai hirar ta mutu. Da haka ya daina zuwa. Yakan ci tuwonsa jakinsa na kallonsa.

Washegari da sassafe ya koma ɗebe takardunsa, ya tarar da ita tana ban ruwa. Sunanta Zaliha, ɗiyar Gado mai lambun. Ƙishi ya kama shi, ya roƙi ruwa. Ta duba gorar ubanta ba kome ciki, ta tsaya tana jujjuya wata 'yar ƙwarya da aka ɗaura wa jan zare a baki.

"Wagga tawa ce ni ɗai," ta ce a hankali. "Ba a sha da ita."

Ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗebi ruwa ya shanye, ya ƙara. Sannan ya faɗa mata cewa gyambon ba ya bin ƙwarya, ba ya bin hannu, ba ya bin numfashi. Ta dube shi kamar mai neman ƙarya a fuskarsa, ba ta samu ba. Sai ta juya masa baya ta ci gaba da ban ruwa, ta yi ta zuba wa kunya ɗaya har ruwa ya malale.

Man da ya zo da shi daga Madawa ya kusa ƙarewa, ga shi yaƙi ya hana a kawo wani. Da ya ambata, Zaliha ta ce in man zurma ne ai ba sai an je Faransa ba. Ita da gwaggonta Kaltume, yayar Gado wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, suka soya 'ya'yan zurma, suka daka, suka dafa, suka yaɗe man da ya taso. Kaltume ce ta kai masa har bukka, ita ce kuma mutum ta farko da ta zauna a tabarmarsa. Daga bakinta ya ji sauran labarin. Kafin gyambon, Zaliha ce mai ba da waƙa a dandali, akwai kuma wani Ɗan'azumi da ke zuwa zance har an soma maganar manya. Da abin ya fito ya ƙi jin magani, sai ƙawaye suka janye, Ɗan'azumi ya tafi cin rani ba ko sallama.

Alhusaini ya roƙi izinin wanke gyambon. Kullum da safe, a gaban Kaltume, yakan wanke shi da ruwan da aka tafasa ya rufe da tsumma mai tsabta. Bai yi mata alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Ya ce maganinsa babu shi ko a Madawa yanzu, amma yakan warke don kansa in ya ci lokacinsa, sai dai zai bar tabo.

"Babba?" ta tambaya.

"Zai bar tabo, Zali. Amma kuncin naki ne, ba na tabon ba."

Kaltume ta yi gyaran murya ta ce ita fa ba kurma ba ce.

In sun gama, sai ya baje takardun jiya a inuwa, yana tsince ƙwarin da ƙayar aduwa yana sa wa a kwalba. Zaliha takan zauna nesa kaɗan tana kallo, har ta koyi gane ƙyashin daga sauran tarkace, mai gashi-gashi, fukafukansa a tsaye kamar kunnen zomo. Ita ma ta samo ƙayarta. Suna tsinta suna hira, ya ba ta labarin Madawa da lakwal, ta ba shi labarin yayanta Isufu da aka kama soja, wanda har yanzu ubansu ke ajiye masa hauyarsa ba ya bari kowa ya taɓa. Wata safiya ya ba ta labarin Alhasan, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, yadda har ya girma in ya samu goro yakan raba biyu kafin ya tuna.

Sai ta ce, "To ni ba ni ce maka Mai Ƙyashi. Ɗan biyu zan riƙa ce maka, don kar a mance da shi."

Ya sunkuyar da kai kan takardar, ya daɗe yana neman ƙyashin da ba ya wurin.

Gado mutum ne marar yawan magana, daga tsoffin gidajen da suka sari dajin kwarin tun kafin Musulunci ya iso. Da zancen su biyun ya kai kunnensa ya hana Zaliha zuwa lambu da safe. Daga nan Kaltume ta zama ita ce hanya, takan zo da gorar mai ta zauna ta sauke saƙo kamar yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari.

"Ta ce in ce maka: Ɗan biyu, ka ci abinci da zafinsa, kar ka bari sai ya sandare. Ta ce ƙayarta tana nan cikin shinge inda ta soke ta, kar ka ba kowa."

Shi kuma ya amsa, "Inna, ki ce mata: Zali, lambun yana nan amma ba kowa cikinsa, ko da mutane sun cika shi. Ki ce mata zan tahi wurin Baba."

Ya kuwa je, da rakiyar Maigari wanda ya bi shi don kunya kawai. Gado ya saurare su yana gyaran igiyar guga, bai ɗaga kai ba sai da suka gama.

"Yaro, ban ga mugun abu gare ka ba," ya ce. "Amma waɗanda suka aiko ka su suka ɗauke mini ɗa. Kai ba gona, ba dangi, yau kana nan, gobe takarda ta kira ka ka bi. Na ba Nasara guda, ba ni ƙara musu ta biyu."

Alhusaini ya san ba ƙarya a maganar.

Ana tsakiyar sanyi gyambon Zaliha ya soma bushewa. A lokacin ne Ɗan'azumi ya dawo, da sabuwar riga da turaren da ya tsallako da shi ta ɓarauniyar hanya. Ya ji labarin sauƙi, ya ji kuma labarin baƙo. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai riƙa faɗa a inda mata za su ji, cewa Mai Ƙyashi ba Zaliha yake so ba, gyambonta yake kiwo wa ubangidansa, kamar yadda ake kiwon rago ana jiran salla.

Da zancen ya mutu don kansa, in da lokotoro bai zo rangadi ba.

Ya iso da rana tsaka a kan doki, da gardi, dogarin Turawa, a bayansa, ya sa aka tara duk masu gyambo a ƙofar Maigari. Yara ne mafi yawa, gari kuma ya kewaye ana kallo. Alhusaini na tsaye yana tafinta, yana addu'a a zuci kar a wuce kan yara. Sai Baturen ya waiwayo ya tambaye shi ina budurwar nan mai gyambo a kunci da ya ba shi labari tun farkon zuwansa. Har sunanta ya kama, da karkataccen harshensa, kowa ya ji.

Gaskiya ne ya ba da labarinta. A makonsa na farko ne, lokacin da ba ta zama masa kome ba sai gyambo mafi girma a garin. Ya yi ƙoƙarin cewa ta warke, ba sai an kira ta ba, amma gardi ya riga ya tafi.

Aka zo da ita. Baturen ba mugu ba ne, sai dai idonsa na kan ciwon, bai ga mai ciwon ba. Ya zame mayafin, ya kama haɓarta ya juya fuskar wajen rana, ya ɗauki hoto da akwatinsa, yana yaba wa Alhusaini yadda ya kula da wurin. Ya ce a faɗa mata ta tsaya cik. Da bakin Alhusaini aka faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta ɗauki mayafinta daga ƙasa ta ratsa taron ta wuce. Ɗan'azumi na jingine da bango yana cin goro.

A ranar lokotoro ya ce ƙyashin Tama ya isa haka, Alhusaini ya haɗa kaya ya koma wajen Keita, a ga na cikin duwatsu. Kafin ya tashi ya je ƙofar gidan Gado ya yi sallama har muryarsa ta gaji. Kaltume ce ta fito, fuskarta ba walwala.

"Ta ce in ce maka: ranar da ka hwara ganina, ni ka duba ko gyambon? Ta ce kar ka yi mata ƙarya."

Ya tsaya da igiyar jaki a hannu. Da ya yi ƙarya ɗaya ƙarama, da ta isa.

"Inna, ki ce mata gyambon na hwara gani."

Ya so ya ƙara, amma Kaltume ta riga ta shige.

Keita ta zame masa kurkuku marar bango. Ya sauka a wani ƙauye a kan tudu inda ba lambu, ba inuwa, sai baƙaƙen duwatsu da iska mai zafi. A nan ko laƙabi ba wanda ya ba shi. Da yamma ya kafa takardu a tsagogin dutse da ramukan kurege, da safe ya kwashe, ya zauna shi kaɗai yana tsinta. Wani lokaci yakan ɗaga ƙaya ya juya don ya nuna wa wani abin da ya kama, sai ya ga ba kowa. Akwai ranakun da in ban da salla ba abin da ke fita bakinsa daga fitowar rana har faɗuwarta. Ya yi tunanin jefar da kwalaben cikin kwazazzabo ya bi ayari ya ɓace. Abin da ya hana shi yaran ƙauyen ne, da gyambuna a hanci da goshi, ana ware musu ƙwarya. In an san inda ƙwaron ke kwana, wata rana za a san yadda za a tsare su. Ya ci gaba da kafa karansa.

Wani Buzu mai raƙuma, Bilal, yakan bi ta nan zuwa Tama ɗaukar albasa. Alhusaini ya roƙe shi ya kai wa Kaltume magana, ya yi ta maimaita masa har ta zauna.

"A ce wa Zali: gyambon na hwara gani, gaskiya ne, aikina ke nan. Amma na ga gyambo ya fi a ƙirga, ba wanda ya hana ni barci. A ce mata na yi kuskure da ban tsaya gaban gardi ba ranar nan, tsoro ya kama ni. Ba ni neman ta yahe yanzu. Ina son ta sani dai."

Da Bilal ya dawo, bayan an daɗe, ya miƙa masa gorar man zurma cike har wuya.

"Tsohuwar ta ce yarinyar ta ce: mai ne, na aiki. Ba saƙo ba ne."

Bilal ya ƙara da abin da ya ji a kasuwa, cewa Ɗan'azumi ya kai gaisuwa gidan Gado, Gado ya kira ɗiyarsa ya tambaye ta, ta ce wanda ya gudu don kunci zai gudu don abin da ya fi kunci. Gado bai matsa mata ba. Amma sunan Alhusaini, in ji Bilal, ba ta ambata shi ko sau ɗaya.

Cikin bazarar nan wani ƙurji ya fito masa a muƙamuƙi, ba zafi, ba ƙaiƙayi, ya ƙi tafiya. Ya san ko mene ne tun kafin ya fashe. Wanda ya yini da kai a bakin ramuka ba zai ce ƙyashi ya ci amanarsa ba.

Da gajimare ya soma haɗuwa ya sauka Madawa kai kwalabe. A bayan gidan likita akwai wata rumfa da ake ajiye sojojin da aka maido da rauni kafin danginsu su zo. Duk an kwashe su sai mutum ɗaya, dogo, ƙafarsa ta dama yanke daga gwiwa, kullum fuskarsa na kallon bango. Ma'aikata suka ce ya ƙi faɗin garinsu. Alhusaini ya kai masa kunu, mutumin ya juyo, sai ya ga tsagar gidan Gado a kumatunsa, da manyan idanun da ya sani.

"Isufu," ya ce.

Mutumin ya saki ludayin.

Ba a rana ɗaya ya yarda ya yi magana ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi gara ubansa ya ɗauka ya mutu da ya ga manomi da ƙafa ɗaya, a riƙa ciyar da shi kamar jariri. Alhusaini bai yi masa wa'azi ba. Ya zauna kusa da shi yana ba shi labarin gida, rijiyar lambu da ta ja baya, zurmar da ta fi shinge tsawo, hauyar da ke rataye ba mai taɓa ta. Ya ba shi labarin Zaliha da ƙwarya mai jan zare, bai ɓoye nasa laifin ba. Ya sassaƙa masa sanda mai hammata. Wata safiya Isufu ya tambaye shi ko jakin nan nasa zai iya ɗaukar ƙato.

Alhusaini ya roƙi lokotoro ya maida shi kwarin Majiya don ƙyashin damina. Baturen ya duba muƙamuƙinsa, ya girgiza kai, ya ɗauki hotonsa shi ma, sannan ya yarda.

Sun iso da hantsi, ruwan farko ya sauka, ƙasa na ƙamshi, mutane duk suna gona wajen shuka. Gado na duƙe shi kaɗai a tsakiyar gonarsa yana saran rami, Zaliha na biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Tsohon ya ɗaga kai ya hangi jaki da mutum a kai, wani na ja. Ya sa hannu ya tare rana. Sai sungumin ya faɗi daga hannunsa. Bai yi gudu ba, ya zauna a ƙasa inda yake yana kiran sunan ɗansa a hankali. Isufu ya sauko, ya dogara sandarsa ya nufe shi, Zaliha ta ruga ta tarye yayanta ta rungume shi tana kuka.

Alhusaini ya ja jakinsa ya koma tsohuwar bukkarsa. Ba wurinsa ba ne.

Da la'asar ya fita kafa takardu. Ya isa gindin shingen lambu, sai ya same ta tsaye, ba mayafi a fuska. Gyambon ya warke, ya bar tabo mai sheƙi, ba ta kuma ɓoye shi ba. Ta daɗe tana duban tsumman da ke ɗaure a muƙamuƙinsa.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"An ɗauki hotonka?"

"An ɗauka. Har an ce in tsaya cik."

Ta yi dariya, wannan karon ba abin da ya ja ta, sai hawaye suka biyo bayan dariyar. Ta ce ta yi fushi ƙwarai, har ta rantse ba ta ƙara soya zurma, amma ta kasa. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne da ya yi mata ƙarya a ƙofar gida ranar nan, da ta huta, ta tsane shi hankali kwance.

"Wa ke wanke maka shi?"

"Ni da kaina."

"An gani," ta ce. "Gobe ka zo gida da sahe, Ɗan biyu. Gwaggo za ta tafasa ruwa."

Gado bai sauko nan take ba. Ya yi wa Alhusaini godiya irin ta maza, gajeriya, ya kuma ce godiya daban, aure daban. Alhusaini ya ce ba don a biya shi ya kawo Isufu ba. Ya ce aikin ƙyashi ba zai bari ba, amma aikin na yamma ne da sassafe, tsakiyar rana tasa ce. Washegari ya bayyana a gonar Gado. Isufu da kansa ya sauko da hauyarsa daga inda take rataye ya miƙa masa, uban na kallo.

Hannun da ya saba da ƙaya da kwalba ya sha wuya. Ya yi kanta, kantar ta fashe, ya sare gero da yawa a madadin ciyawa, Isufu na zaune a gindin gawo yana yi masa tsiya. Mutanen gari suka riƙa tsayawa kallo, daga kallo aka koma sannu da aiki, daga nan wani ya kira shi cin tuwo. Mata suka soma kawo masa yara masu gyambo ya wanke, yana faɗa musu su toshe ramukan ɓera da ke jikin ɗakuna, su rufe yara da zane in rana ta faɗi. Ɗan'azumi kuwa, da ya ga inda iska ta dosa, bai jira kaka ba ya sake tsallaka iyaka.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, Gado ya kira shi bayan rumbu, ya kama hannunsa ya juya tafin yana dubawa.

"Har yanzu kai ba manomi ba ne," ya ce. "Amma takarda ta kira ka, ka tahi, ka komo. Ka turo manyanka."

Alhusaini ya fita yana murna, sai a hanya kalmar ƙarshe ta zauna masa. Manyansa. Ya yi ta lissafin wanda zai kira daga Madawa, bai samu ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, har Zaliha. Maigari ya kai gaisuwa a madadinsa, amma ranar ɗaurin aure shi ne mai masaukin taro, ba zai zauna wa ɓangare ɗaya ba.

Aka taru a ƙofar gidan Maigari da hantsi, an shimfiɗa tabarmi, goro a faifai. Dangin Gado sun cika gefe guda har sun yi yawa. Ɗaya gefen Alhusaini ne kaɗai, cikin farar riga, tabonsa sabo a muƙamuƙi. Liman ya gyara zama ya tambayi wanda ke nema wa ango aure. Alhusaini ya kafa ido a tabarma.

Sai aka ji ƙarar sanda a ƙasa. Isufu ne ya yunƙura daga cikin danginsa, ya dogara, ya ratsa filin da ke tsakani a hankali, kowa na kallonsa, ya zo ya zube kusa da Alhusaini har kafaɗunsu suka haɗu.

"Ita tana da uba," ya ce. "Wanga ƙanena ne. Ni ke nema mishi."

Ya dubi mahaifinsa ya roƙi auren Zaliha kamar yadda baƙo ke roƙo. Gado ya share fuska da hannun riga.

"Na ba ku," ya ce.

Aka shafa fatiha. Daga cikin gida guɗar Kaltume ta tashi, 'yan mata suka ɗauki waƙa, can cikinsu ana jin muryar amarya da ta karya al'ada ta karɓa musu baiti ɗaya kafin gwaggonta ta rufe mata baki. Tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai lafiyar jiki, ya sa gidan ya cika har a rasa wurin shimfiɗa tabarma. Alhusaini na amsawa da amin, hannun Isufu na kan kafaɗarsa, mutane na ta matsowa gefensa har tabarmar ta kasa ɗaukarsu.